Sarewar Lado a Titin Aujara

Litinin, 5 ga Yuni, 2000
Yau aka yi sadakar bakwai ta ƙanena Lado. Yana tsallakar da shanu a titin Aujara, Maharazu direba ya kwashe shi da bas, ko waiwaye bai yi ba. A tabarma aka kawo mana shi. Har yau mutumin nan bai zo ta'aziyya ba. Baffa ya ce in bar wa Allah. To, na bar wa Allah, amma ni ma ina da baki.

Alhamis, 15 ga Yuni
Titi ya yi tsit. A da muna rumfar sayar da nono muke jiyo sarewar Lado tun daga gindin marke. Ina dama fura sai na ji ina ɗora wa busarsa baitoci. Zambo ne tsagwaronsa, da sunan Maharazu ɓaro-ɓaro. A baitin ƙarshe na ce Allah ya sa shi ma a kawo masa nasa a tabarma.

Asabar, 1 ga Yuli
Ƙawata Laraba da sauran masu nono sun haddace. Maharazu yana tsayawa da bas muka kife ƙwarya muka hau kiɗa. Fasinjojinsa suka ji, suka yi ta sauka. Ya ja mota fayau. Kaɗan ma ya gani!

Talata, 1 ga Agusta
Waƙa ta kai tashar Dutse, mai motar ya karɓe makulli. Baffa ya ce Shari'a ta zo, in daina kafin a kira ni gaban alƙali. In an kira ni, a can ma zan rera.

Juma'a, 1 ga Satumba
Maharazu ya zo. A ƙafa, ya rame kamar kara. Ya tsuguna gaban Baffa, wai tsoron kada a kashe shi ne ya hana shi tsayawa. Sai ya juyo gare ni.
"Baiwar Allah, ki zage ni har in mutu, na cancanta. Amma 'yata Madina da ta fara magana kwanan nan, baitin tabarmar nan take rerawa tana tafi."
Na tashi na shige ɗaki.

Lahadi, 3 ga Satumba
Mun yi kiɗa yau. Sunansa yana nan daram, ban yafe ba. Laraba ta ce na tsallake baitin ƙarshe. Na ce mata ƙwarewa na yi da fura.