Likita Ya Hana Ni Ba Mijina Amsa

Assalamu alaikum masu sauraron wannan fili. Mai gabatarwa, a sakaya sunana, a karanta takardar nan yadda take. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, ni dai dabarata ta ƙare.

Ni dilar doya ce a Suleja. Da tire na fara a bakin tasha, yau ina da mota guda da ke ɗebo kaya daga ƙauyukan bayan Maje mu kai Kaduna, kuma maigidana ne ke tuƙa ta. Shekararmu goma sha huɗu da aure, yara huɗu, ko tsawa bai cika yi min ba. Na faɗi haka ne kada a ɗauka ƙarar mugun miji na kawo.

Bara ana sauke kaya a kasuwa, yana saman mota ina ƙasa, na ce ya kwance tamfol. Ya ce, "To Hajiya, na saki igiya ɗaya, ja ta wajenki." Sai na ga ya ƙame. Ya sauko, ya ja ni gefe ya ce, "Kin ji abin da na faɗa? Kuma ke nake kallo." Na yi dariya, na ce Malam igiyar tamfol ce fa, ba ta aure ba.

Da ma yana da waswasi wajen alwala, amma daga ranar abin ya koma kan aurenmu. Da safe tambaya, in ya dawo daga tafiya tambaya: ban ce komai ba ko? Kin tabbata? Ya daina furta kalmar gaba ɗaya, ko "sake zuba min shayi" ba ya iya cewa. Mun je wajen malamai biyar, duk suka ce babu niyya babu saki, kokwanto ba ya kashe aure. Ya yi kwana biyu lafiya, sai ya ce ƙila bai yi wa malamin bayani daidai ba. Sau biyu yana tara shaidu wai ya mayar da ni, ni da ko ƙofar gida ban fita ba.

Wata nas da ke sayen doya a wajena ce ta ce mu je asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, sai da na fake da sayen kayan mota na kai shi. Likitan ya saurare shi tsaf, ya ce ciwo ne sananne, ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba, wani wankin hannu yake kama shi, wani duba kwaɗon ƙofa. Ya ce tunanin yana iya zuwa wa kowa, abin da ke ciyar da shi shi ne neman tabbaci. Ya ba shi ƙwaya, ya ba shi aiki: ya zaɓi malami ɗaya ya ji hukunci sau ɗaya a rufe, ya riƙa rubuta tunanin a littafi in ya zo, kuma duk ranar lodi ya faɗi kalmar nan a kan igiyar mota da ƙarfi, ya zauna da fargabar har ta sauka da kanta, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Sannan ya juyo kaina ya ce, "Hajiya, aikinki ya fi nasa wuya. Amsarki sosa ƙaiƙayi ce, daɗin minti biyar, gyambon ya ƙaru." Ya ce in ya tambaya in ce masa ciwon ne ke tambaya, ba zan amsa ba. A gabansa aka yi, shi ma ya yarda.

Wata biyu na daure. Wallahi ba sauƙi mijinki ya tsaya yana gumi yana roƙonki kalma ɗaya ki hana shi, amma na ga amfani. Tambayar da ba ta ƙirguwa ta koma sau biyu ko uku a yini, har ya fara tsokanar kansa.

Sai wahalar mai ta sa muka rasa zuwa asibiti sau biyu, kuma a tsakanin Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Diko. Ta ji ya tambaya na ƙi amsawa. Ta ce don motar tawa ce nake wulaƙanta mata ɗa, na yi bayani ta ce likitan da ke hana mace amsa wa mijinta shi ma a duba shi. Har ta ce macen da ta yi shiru a kan irin wannan tambaya akwai abin da take ɓoyewa. Inna ta koma gida, maganarta ta zauna.

Yanzu ya kwashe kayansa ya koma zaure, ba ya yarda ko hannunmu ya haɗu. Shekaranjiya bayan la'asar ya ce ba zai shiga azumi cikin shakka ba, ko dai in dafa Alƙur'ani in rantse bai taɓa saki na ba, ko ya rubuta min takarda ta gaske ya san inda yake. Yana faɗa yana hawaye. Na bi motar haya na je Kaduna, aka ce likitan ya tafi kwas sai bayan sallah.

Rantsuwar ba ƙarya ba ce, zan iya yi. Amma na san kayana, kwana biyu za ta yi masa, in ya dawo da tambayar me ya rage min bayan Alƙur'ani? In kuma na yi shiru ya rubuta, wannan ba waswasi ba ne, ba malamin da zai ce bai faɗa ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da gajiya ke sa in ji a raina ya rubuta ɗin kowa ya huta, sai in tuna mutumin nan tsoron rasa ni ne ke neman sa ya rabu da ni.

Saura kwana goma sha biyu a ga wata. In rantse masa, ko in ci gaba da yin shiru?