Wanda Ke Cikin Hular Kyaftin Gamzaki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Yaya Bashir, a duk inda wannan ta same ka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwarka da na yi ƙarfin halin rubuto maka, kuma a bainar jama'a. Ka san ni, ko a aji malami ya kira sunana muryata maƙalewa take yi. Amma wayarka a kashe take tun ranar da ka bar Suleja, direban da ka aiko mana kuma bai ce komai ba sai kana lafiya, kada a neme ka. Wuri ɗaya ne na tabbata kana leƙawa, wato wannan zaure na intanet na masoyan shirin Jirgin Zara. Na san halinka. Ko da wayar aro ce sai ka shigo ka karanta abin da ake faɗa a kanka, kamar mai sosa gyambo. Shi ya sa na ɗauki wayar Umma na zo inda kake. Su ma masu zauren su karanta, ba zan hana su ba.

Umma ba ta san ina wannan rubutu ba. Har yanzu idan ta kwashe tuwo tana zuba naka a kula, sai da safe ta ɗumama mana. Ba ta ambatar sunanka, kamar yadda ba ta taɓa ambata ba, sai dai duk Keken da ya rage gudu a ƙofar gida takan daina abin da take yi har ya wuce.

Kana tuna ranar da aka fara haska ka? Tsohon jarumin ya samu wani aiki ya bar shirin, masu shirya shi suka ce jirgin Kyaftin Gamzaki zai ratsa wutar wani tauraro, Kyaftin ya fito da sabuwar fuska. Anti Rifkatu, maƙwabciyarmu tela, ta fito da talabijin ɗinta tsakar gida, duk 'yan haya suka taru har da na gidan baya. Da ƙofar jirgi ta buɗe ka cire hula, fuskarka ta cika allon, sai Anti ta rangaɗa guɗa irin ta garinsu. Umma ta ja mayafi ta rufe ido don alkunya, amma na ga kafaɗarta na rawa. Kai kuwa kana raɓe a zauren gida, ka ƙi shigowa.

Kafin a kwashe tabarmi mutanen wannan zauren sun fara.

Wani ya rubuta, wannan Kyaftin ne ko mai kawo wa Kyaftin shayi. Wata ta ce kunnuwanka kaɗai sun isa su kamo tashar duniyar wata. Da aka gano kana tuƙa Keke sai abin ya zama biki. Suka liƙa fuskarka a jikin Keke mai fukafuki. Suka sa maka suna Kyaftin Kwamba, da sunan unguwarmu. Fasinja ya tsayar da kai, ya shiga ya zauna, ya ɗaga waya yana ɗaukarka, yana cewa, “Oga Kyaftin, drop ne zuwa Zara, nawa za ka kai ni?” A makaranta 'yan ajinmu suna ganina sai su ƙame su sara mini. Ban taɓa faɗa maka wannan ba.

Sai kuma Faisal mai cajin waya na bakin layinmu, wanda shi ne shugaban wannan zaure. Faisal da kake ɗauka kyauta zuwa ƙwallo a Iku duk ranar Asabar. Shi ne ya kifa bokitin fenti a kansa, ya fito titi yana jan ƙafa, yana dukan ƙofar shagonsa, ana ɗauka ana sheƙa dariya. A ƙarƙashin bidiyon ya rubuta cewa ko tafiyar Kyaftin ba ka iya ba, kana kwaikwayonta kamar biri ya ga mai gona. Ya ce Kyaftin na gaskiya idan ya daki saman ƙofar jirgi sau biyu tsigar jikin mutum tashi take yi, kai kuwa kamar mai korar ƙuda.

Na ga lokacin da ka kalli wannan bidiyon. Kana zaune a kan turmi, cokali a hannu. Ka ajiye cokalin a hankali, ka je ka wanke hannu. Washegari bayan asuba ka mayar wa mai Keke makullinsa.

Yaya, yanzu zan yi abin da ka hana ni, shi ya sa na fara da neman afuwa.

Tun kashi na farko na shirin nan, duk inda aka ga Kyaftin Gamzaki sanye da hularsa ta ƙarfe, kai ne a ciki. Tsohon jarumin yana da ciwon ƙirji, ba ya iya numfashi a cikinta idan rana ta take a gindin dutsen Zuma, inda ake ɗaukar duniyar Zara. Ba aibu ba ne, lalura ce, kuma fuska da murya nasa ne, ba wanda zai ƙwace masa. Amma kai da ka je kai musu kayan aiki a Keke, kai aka roƙa ka sa rigar don a gwada haske, daga nan ba ka sake cire ta ba. Anti Rifkatu ce ta cusa soso a kafaɗun rigar don ka kai shi faɗi. Ni nake wanke ta. Na san warin zufar da ke cikinta, na san yadda kake dawowa wuyanka duk ya saɓule, Umma na shafa maka man kaɗanya tana faɗa.

Tafiyar da suke cewa ba ka iya ba, taka ce. Ƙafarka ta hagu ce da ba ta gama miƙewa ba tun da mota ta ture ka a kan babban titi. Darakta ya gani ya ce a bar ta haka, ta yi kama da ta wanda ya sha yaƙi. Dukan saman ƙofa sau biyu kuwa, duk wanda ya taɓa shiga Kekenka da safe ya gani. Haka kake dukan rufinsa ka ce bismillah kafin ka tayar. Ranar farko da ka sunkuya za ka shiga jirgin katakon nan hannunka ne ya yi da kansa. Yau yara daga Kwamba har Iku ba sa shiga aji sai sun daki saman ƙofa, suna kwaikwayon mai Keken da iyayensu ke yi wa dariya.

Wanda ke musu ya koma kashin da Kyaftin ya hau dutse don ceto yarinyar nan mai idon azurfa. Inda safar hannunsa ta yage, ya tsayar da hoton, ya ƙara girmansa. Akwai tabo a wuyan hannun dama, mai kama da jinjirin wata. Salansar babur ɗin marigayi Baba ce ta yi maka shi ranar da ka fizge ni daga jikinta ina rarrafe. Wannan hoton ne Faisal ya buga babba ya liƙa a shagonsa. Shekara biyu yana cajin waya a ƙarƙashin hannunka.

Na tuna ranar da ka sa na rantse. Ina shanya rigar a bayan ɗaki, ka zo ka tsaya ka ce, “Hajara, na ba masu shirin nan kalmata, kuma rufin asirin wani ne. Ki ce wallahi ba za ki faɗa ba.” Na ce wallahi. Ka ce alkawari kaya ne, na ce na ɗauka.

Ban yi wasa da rantsuwar ba. Ranar Lahadi bayan an tashi Islamiyya na tsaya har kowa ya watse, na tambayi Malama hukuncin wanda ya rantse sannan ya ga karyawar ta fi alheri. Ta ce ya karya ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Ta dube ni ta ce, ke me kika rantse a kai? Na sunkuyar da kai. Ba ni da abin ciyar da kowa, don haka da azumi a bakina nake rubuta maka wannan, yanzu bayan la'asar. Umma ta ɗauka na nafila ne.

Ban sani ba ko alherin da Malama take nufi ke nan, domin ba zan ɓoye maka ba, ramuwa nake so. Umma idan aka kawo maganarsu cewa take yi Allah ya shirye su. Ni ban kai Umma ba. Ba na fatan wani ya yi ciwo ko ya rasa abincinsa. Abin da nake so shi ne kada ɗayansu ya sake kallon tsofaffin kashin nan cikin daɗin rai. Duk lokacin da Kyaftin ya taka, su ga ƙafarka. Duk lokacin da ya daki ƙofa, su ji bismillarka. Wadda ta yi maganar kunnuwa ta san cewa su ne a cikin hular da ta sa a fuskar wayarta. Sun ce ka ɓata musu Kyaftin ɗinsu. To yau na karɓe shi gaba ɗaya, na farko da na yanzu, na mayar da shi gidanmu.

Faisal kuma ina jiran in ga abin da zai yi da hoton nan. In ya cire shi, duk layi za su san dalili. In ya bar shi, kullum zan bi ta ƙofar shagon da kayan makaranta, ba zan ce masa uffan ba, zan dai tsaya in dubi tabon, in dube shi. Kai ka san ban iya faɗa ba, amma na iya shiru. Kuma in ya zo ba da haƙuri, kada ka yi saurin cewa ba komai kamar yadda ka saba. Ka bar shi ya tsaya a zauren gidanmu tukuna, a daidai inda ka raɓe ranar nan.

Na san mai yiwuwa na ƙara nisanta ka da gida. Mai yiwuwa ka ce na zubar maka da mutunci a wurin mutanen da ka ba kalmarka. In haka ne, su sani kai ba ka faɗa ba, har ka bar gari ba ka faɗa ba. Ni ce, kuma ni nake biya.

Darakta ya zo gida sau da yawa yana tambayarka. Zuwansa na ƙarshe ya bar hular a wurin Umma, ya ce ba ta shiga kan kowa yadda ya kamata. Tana kan sif, an rufe ta da ɗankwali saboda ƙura. Ni ba don shirin nake kiranka ba. In ka ga dama kada ka sake sa ta har abada. Ka dawo ka ci tuwonka da zafinsa, Yaya. Tun da ka tafi ba wanda ke tsokanata da Malama Shiru-shiru, kuma ashe ina so.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa ka da mutanen da suka san darajarka. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Umma haƙuri, ya karɓi kaffarata, ya juyo mana da ƙafarka gida, ta hagun da ta daman. Amin.

An kusa kiran magariba, zan je in taya Umma. Saura mini kwana biyu. In ka yi fushi, ka aiko direban nan ya ce in yi shiru, zan yi, wannan karon ba sai na rantse ba. In kuwa ba ka yi ba, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubuto maka, ba a nan ba, a inda ba mai karantawa sai kai.

Ƙanwarka mai biyayya, ban da yau,
Hajara
Kwamba, Suleja