Akwatin da Bu Sarminah Ta Zaɓa

Paramaribo, Talata

Zuwa ga yayata Yu Ngatinem,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, da maigidanki Kang Legiman da yara. Yaya gwiwarki da sanyin Rotterdam? Mahaifiyarmu Mak tana lafiya, sai tarin nan da bai sake ta ba.

Yu, tsoro ne ya sa na ɗauki biro. Kin san ƙungiyar da nake yi wa aiki ta ɗora mini tsara rumbun bayanai namu na kanmu, manyan na'urori a ɗaki ɗaya da za su riƙe fayil ɗin majinyatan asibitocinmu shida. Kafin a yi odarsu sai an san yadda aikin kowane asibiti zai ƙaru. Na aika musu takardar cikewa mai akwati uku, kowa ya zaɓi ɗaya: aikin da ba ya ƙaruwa, mai ƙaruwa sannu a hankali, da mai tumbatsa lokaci guda. Abin da suka zaɓa, a kansa na auna komai. Na'urorin har sun iso.

Jiya na je asibitinmu na Commewijne, inda Mak ke zuwa. Bu Sarminah, shugabar ma'aikatan jinya, ta zaɓi akwatin farko. Sai ga ɗaki cike da hotunan ƙirji suna jiran a zuba su a rumbun, ga sabuwar na'urar hoto ko ledarta ba a cire ba. Na tambaye ta dalili. Ta yi dariya ta ce, “Haba 'yata, wa ke cewa a ba shi babban kaso tun a tambayar farko? Jira nake ki sake tambaya.”

Yu, ni da Mak ta koya wa kada in karɓi ƙarin miyar saoto sai an miƙo sau uku, ni na tambayi dattijuwa 'yar ƙabilarmu ta Jawa sau ɗaya, a takarda kuma. Asibitoci uku mutanenmu ke shugabanta, dukansu haka suka yi.

Na sake aunawa. Cikin wata huɗu rumbun zai cika. Ranar da ya cika, likita zai nemi hoton majinyaci ya tarar bai shiga ba. Babu wanda ya sani sai ni. Ko a salla raka'o'i rikice mini suke. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Warsinah

Paramaribo, Litinin

Yu Ngatinem,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki, kin ce in yi shiru har wata huɗun su zo. Na gwada kwana biyu, na kasa. Amana ce, kuma ni za a tambaya.

Na faɗa wa shugabanmu Meneer Ramdin. Ya ce, “Ku Jawawa, ko nutsewa kuke a kogi sai kun ce kada a wahalar da mai kwalekwale.” Bai kore ni ba. Amma ƙarin na'urori sai baɗi, don haka dole asibiti ɗaya ya ci gaba da takarda. Ya turo mini jerin sunayen asibitocin ya ce tunda ni na auna, ni zan cire.

Na duba ta kowace fuska ko zan sami wata mafita. Commewijne ce mafi nauyi. Idan aka cire ta, sauran biyar za su sami wuri har shekara biyu. Kin tuna can ne fayil ɗin Mak ya ɓace bara, aka ba ta maganin da bai dace da ita ba. Na yi mata alkawarin hakan ya ƙare.  Na sa hannu a kan Commewijne.

Don Allah kada ki faɗa mata a waya. Ranar Juma'a zan haye gada zuwa Commewijne in gaya mata da bakina. Na sayi jakar roba mai zif, zan kwafi duk takardunta in riƙe. Daga yau duk ranar da za ta ga likita, ƙafata ƙafarta.

A gaida Kang da yara.

Taki,
Warsinah