Na Ce Hukunci, Baba Ya Jingine Fartanya

Baba Mai Shawara, don Allah ka cece ni, kalma guda ce ta hana ni sakat.

Ni mai fassara labarai ce a gidan rediyo. Ɗakinmu ba taga, an lulluɓe bangonsa da soso, sai jar fitila a saman ƙofa. Da ta kama, abin da ya fita bakina ya fita ke nan. Watannin baya aka miƙo mini takarda saura minti uku a fara labarai: babbar kotun duniya ta ce wajibi ne ƙasashe su kare yanayi, kuma wadda sakacinta ya cuci wata ana iya neman ta gyara ɓarnar. Abin da kotun ta bayar shawara ce. Ni kuwa sai na ji "shawara" ta yi sanyi a baki, na ce "hukunci". Ba wanda ya lura a ofis, har yaba mini aka yi.

Mahaifina ya lura. Gonarsa ta bakin kogi shekara uku ke nan tana ƙarƙashin ruwa, ba abin da ake gani sai kan tsamiyar da ke iyakarta. Ina fita ya kira ni a waya, ya ce, "Uwata, ashe sun yanke. Kuma ke Allah ya ba ki faɗa." Na bar shi a kan haka, ban gyara ba.

Tun ranar ya jingine fartanya. Kawuna ya ba shi fili a kan tudu, ya ƙi taɓawa. Wai mai shari'a ba ya noma wata gona, kada alƙalai su zo su tarar ya koma can su ce ya yafe tasa. Kullum da hantsi sai ya sa farar rigarsa, ya ɗauki rediyo da igiyar awo, ya je bakin ruwa ya zauna. Inna cewa take ya tare a gidan kogi, ko sallama ba ya yi mata. Yana ba ni labarin yadda za su zo cikin kwalekwale da dogayen riguna, babbansu ya ɗaga hannu, ruwan ya naɗe kansa kamar tabarma, kunyoyin su fito yadda ya bar su. Ni ma abin ya fara kama ni. Ina cikin karanta labarai sai in ga ruwa ya cika ɗakin a hankali, kifaye na bin layin da na yi ciyawa ina yarinya, takarduna suna yawo a sama kamar balbela.

Ruwan shuka ya sauka sau biyu, iri na rataye a ɗaka. Kawu ya ce nan da mako biyu in ba a shuka ba, zai ba maƙwabci filin. In na faɗi gaskiya na rushe masa abin da ke tashinsa da safe, kuma ya san 'yarsa ce ta yi kuskure a kunnen duniya. In na yi shiru, bana ba hatsi. Yaya zan yi?

'Yar Mai Tsamiya

*

'Yata,

Kin kawo ƙarar kalmar shawara wurin wanda ya tsufa yana ci da ita. Shekarun nan ina bayarwa, ban taɓa jin an ɗaure wanda ya ƙi bi ba. Ga shi dai ba a daina rubuto mini ba.

Kakata takan ce kwaɗo ya taɓa kai ƙarar hadari wurin alƙalin dawa. Alƙali ya saurara, ya ce kwaɗo ke da gaskiya. Kwaɗo ya ce to a kamo hadari. Alƙali ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce wa zai hau? Muna yara dariya muke yi. Sai da na girma na lura kwaɗo bai koma gida hannu wofi ba: daga ranar duk dawa ta san wa ya cuci wa.

Shari'ar ƙasashe haka take. Alƙalai akwai, ɗan sandan da zai kamo ƙasa ne babu. Kuskurenki na gaske ne, amma bai kai girman da kike ba shi ba. Wajibin da kika karanta wajibi ne, ƙasashe sun sa hannu a alkawura, kotu kuma ta tuna musu. Sai dai magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa, tafiyarta ta hawainiya, kuma ba alƙalin da zai naɗe kogi. Mahaifinki ma ba wauta yake yi ba. Dokar gona da ya sani yake bi, kuma shekara uku yana jiran wani babba ya ce ba laifinsa ba ne. An faɗa, da bakin 'yarsa. Wannan kada ki karɓe masa.

Fara da ofis. Gaya wa shugabanki, ki gyara kalmar a iska, don ba mahaifinki kaɗai ke da rediyo ba. Amma kafin ya ji a can, ki je da ƙafarki, ban da waya. Zauna kusa da shi a bakin ruwan, ki bari ya gama nuna miki iyaka. Sannan ki ce, Baba, ni na yi kuskure, ga abin da aka ce. Uban da ke kiran 'yarsa Uwata ba zai kasa yafe mata kalma guda ba. Ki tabbatar masa noma tudu ba yafe fadama ba ne. Ki ɗauki muryarsa yana faɗin inda ruwa ke tsayawa a da da inda yake yanzu, in ya yarda ki sa a shirinku. Irin wannan shari'a da shaidu take tafiya, shaida kuwa sai ya ci ya ƙoshi yake kai ranar zama.

Igiyar awon nan kada a bar ta a bakin kogi. Ku hau tudu da ita ku auna filin Kawu, ke da kanki ki jefa irin farko. Kotu takan ɗage zama, 'yata. Damina ba ta ɗagewa.

Allah ya sanyaya zuciyar dattijo, ya ba ku damina mai albarka. In tsamiyar ta yi 'ya'ya, a tuna da ni.

Baba Mai Shawara