Hausar da Rahma za ta koya a waje

Talata, bayan isha'i

"Sa hannu kawai za ki yi, ya Ummu Rahma, halas, shi ke nan," in ji mudira, shugabar makarantar 'yata, ta turo min takarda. Wai sabon tsari ne, ɗaliban sakandare za su iya ɗaukar darasi ɗaya daga wata cibiya ta waje, ta intanet, a saka musu a sakamako. Na ce madalla. Na zaci lissafi Rahma ta zaɓa, tunda a nan take ɗingishi.

Da na duba, sai na ga Hausa.

Hausa fa! Daga wani malami da ba mu taɓa gani ba, alhali ga ni a gida, ga kakarta Hajiya a unguwar Ammariyya nan Jidda tana yi wa maƙwabta faɗa da Hausa tsantsa tun safe.

Na kalli Rahma da ke gefena. Ta ce da Larabci, "Mama, duk sanda na gwada, dariya kuke min. Shi ba zai yi ba."

Gaskiya ne. Ranar salla ta durƙusa gaida Hajiya, ta maƙale bayan "ina kwana", muka yi ta kwaikwayonta a mota har Bab Makka. Ni na fara.

Da digirina da komai, na rasa haushi zan ji ko kunya. Har yanzu ban tantance ba.

Mudira ta ce, "Yalla, akwai masu jira." Na sa hannu. Rahma ta ce "na gode" da Hausa, a hankali, idonta a kan bakina. Na ja ƙofar ofis ta rufu, na fita neman tasi.