Sarƙa a Tayoyin Baya

Litinin, 8 ga Janairu

Yaya Lowell ya sayar da a-kori-kurar Baba. A bakin Bernadine mai shagon kofi na ji, ba a bakinsa ba. A motar nan Baba ya koya mini ɗaura wa tayoyi sarƙa saboda santsin ƙanƙara ina shekara tara, yatsuna na daskarewa yana cewa “Sake, Marlys.” Da ya tambaye ni, da na karɓe ta. Gidansa na kallon nawa, taku ashirin ya gagare shi. Ba zan yafe ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Wata ’yar mitsitsiyar mota ya sayo, ja, kamar ta wasan yara.

Alhamis, 11 ga Janairu

Dusar ƙanƙara tun safe, ta kai gwiwa. Ta taga na hango shi durƙushe yana ɗaura sarƙa. A tayoyin baya! Shekara arba’in yana jan a-kori-kura, hannunsa ya saba da baya, ita kuwa wannan da ƙafafun gaba take ja. Sarƙar ta zama ado ke nan. Na yi dariya har kofi ya sarƙe ni.

Ba zan faɗa masa ba. Gobe zai sauko gangaren gaban shagon Bernadine, ya zarce cikin kwata a kan idon dukan masu karin kumallo. Kwatar ba zurfi, ba abin da zai karye sai girman kai. Shi da ya sha ce mini, “Ke da sitiyari sai addu’a.”

Juma’a, 12 ga Janairu

Na je shagon tun ƙarfe bakwai, na kama kujerar bakin taga. Bai fito ba. Kofi uku na sha a banza. Bernadine ta ce, “Ke kuwa wa kike dako, saurayi?” Na ce wasan kwaikwayo nake jira.

Lahadi, 14 ga Janairu

Mun haɗu a ƙofar coci. “Ƙanwata, har yanzu fushi ake?” Na ce lafiya lau, motarka ta yi kyau, sarƙar ma ta zauna daram. Har godiya ya yi mini. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba na jin kunyar rubuta haka.

Litinin, 15 ga Janairu

Bernadine da bakinta. Wai gobe da sassafe zai haye dutse zuwa birni, yana da ganin likita. Likitan me? Ta ce, “Ke ce ’yar’uwarsa, ni kike tambaya?”

Hanyar dutse ba kwata ba ce. Lanƙwasa goma sha ɗaya gare ta, gefe rami. Ai jami’an da ke duba sarƙar motoci a gindin dutsen za su tsayar da shi. In sun lura. Rabinsu sarƙa kawai suke hangowa su ɗaga hannu.

Ba ruwana. Shi ya sayar da motar da ta san hanyar.

Talata, 16 ga Janairu

Gari na wayewa na tsallaka da safar hannu. Don kada a ce ’yar gidanmu na Tveit ta ga sarƙa a baya ta yi shiru, shi ke nan dalilin.

Da na durƙusa sai na ga ko ƙugiyar bai maƙala ba. Da waya ya ɗaɗɗaure ta, ɗaurin da ko yaro ba zai yi ba. Lowell, da yake rufe ƙugiya da hannu ɗaya yana cin burodi da ɗayan.

Ina mayar da sarƙoƙin tayoyin gaba ya fito, ya tsaya a kaina. Na ɗaga ido in zazzaga masa, sai na ga hannayensa. Rawa suke, mukullin motar na ta ƙara a tsakanin yatsunsa. Ya ce sauya giyar a-kori-kurar ne ya fi ƙarfinsa tun kaka, kuma ba zai iya jure ganin motar kullum a ƙofar gidana ba.

Na ce, “Yaya, a gaba ake ɗaura wa irin wannan.” Ya ce to.

Ni na tuƙa. Har yanzu ban yafe zancen motar ba. Likita ya ce mu koma ranar talatin ga wata.