Nankarwa Ta Sa Ana Zargin 'Yata

Anti Namusoke, don Allah ki taimake ni, gidana na neman watsewa.

Ina da 'ya, Nabukeera, shekararta sha shida, tana makarantar kwana. Wannan hutun ta dawo ta yi tsawo, ta cika, har takalmana sun yi mata kaɗan. Ana shirin bikin ɗiyar wan mijina, muka taru mata a ɗaki ana gwada gomesi, doguwar rigarmu ta biki. Nabukeera na cire riga sai gwaggonta, yayar babanta, ta kamo ta ta juya ta wajen taga. Layi-layi ne a kwatangwalonta da gefen cikinta, wasu ja, wasu sun yi duhu. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Iye! Wannan zanen ai ciki ke yin sa. Ina kika kai ɗan?" A gaban kowa, Anti, har da matan cocinmu.

Yarinyar ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai. Tawa nankarwar sai da na yi cikin fari ta fito, haka na san ta, to sai zuciyata ta ce ko dai? Washegari na ɗora ta a babur muka je asibiti. Nas ta yi gwaji ta ce babu ciki, girma ne kawai. Da na kai wa Gwaggo labari, tana ɓare ayabar matoke, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai sai bayan an zubar kuka je."

Kin san matsayin gwaggo a wurinmu, maganarta kan 'yar ɗan'uwanta doka ce. Ga shi ita ta raini mijina, Ssempala, bai taɓa musa mata ba. Ya ce yarinya ba za ta koma makaranta ba, ta zauna tana shanyar kofi inda idonsa zai riƙa ganin ta. Hutu kuwa ya kusa ƙarewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, yarinyar ta sayo wani man shafawa a tasha, wurin masu talla da lasifika, tana haɗawa da lemon tsami tana dirzawa a ɓoye. Fatar ta saɓule, tana ruwa. Da na yi mata faɗa ta ce, "Mama, in sun goge za ki yarda da ni?" Tun daga nan ba ta sake yi mini doguwar magana ba. Abinci ma sai ta tsakura, wai kada ta ƙara ƙiba.

Anti, da gaske budurwa na yin nankarwa? Akwai maganin da zai goge ta kafin a koma? Kuma yaya zan yi da mutanen nan?

Uwa cikin damuwa, daga garin Masaka

'Yar'uwa, ki fara da ciwon. A jefar da man nan yau, a daina lemon tsami, ki kai ta a duba fatar kafin ta fara mugunya. Irin mayukan tasha, wasunsu sirantar da fata suke yi, su ƙara nankarwar da aka saye su dominta.

Nas ta gaya miki gaskiya. Nankarwa na fitowa ne idan jiki ya buɗe da sauri fiye da yadda fata za ta iya bi. Ciki na kawo ta, haka ma girman balaga, da ƙiba ta farat ɗaya. Samari masu ɗaga ƙarfe suna da ita a kafaɗa, kuma ba wanda ya tambaye su inda suka kai ɗa. Tana bin jini ma, tunda kina da ita ba mamaki 'yarki ta samu.

Babu man da zai goge ta tas, duk wanda ya ce miki akwai, ciniki yake. Da kanta take dusashewa a hankali, ta koma fari-fari, ta kwanta. Idan ciwon ya warke, man kaɗanya zai tausasa wurin ya rage ƙaiƙayi. Likitan fata na da abin da ke rage sabuwa, amma shi zai rubuta. In kin ga layukan na faɗi sosai, fuskarta na kumbura, ku koma asibiti. Ta kuma ci abincinta, yunwa ba ta maganin wannan.

Gwaggo ta yi kuskure babba, amma ina jin rashin sani ne da tsoron abin kunya, ba ƙiyayya ba. Kada ki tare ta da faɗa, za ta ƙara kafewa. Mijinki za ki fara samu. Ki roƙe shi ku je tare ya ji daga bakin nas, domin abin da ya ji da kunnensa ya fi abin da kika kawo masa. Sannan ku sami wata dattijuwa da Gwaggo ke jin nauyinta, ta zauna da ita. A gaban mata ta yi maganar, a gabansu ya kamata ta janye ta. Ko ta janye ko ta ƙi, yarinya ta koma makaranta ranar da kowa zai koma. In aka tsare ta a gida, kun tabbatar wa gari abin da bai faru ba.

Sauran aikin naki ne ke kaɗai. 'Yarki ba fatarta take dirza ba, zargin take son gogewa. Ki zaunar da ita ki ce, "Na yi shiru ranar da ya kamata in tsaya miki, ki yafe mini, na yarda da ke." Kada ki saka "amma" a ciki. Wataƙila ba za ta amsa nan take ba. Ki jure, ki sake faɗa.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zukatanku.

Anti Namusoke